Curin Dalmar da Baba Bai Harba Ba

Duk wanda ya zo ƙofar gidanmu ranar da Baba ya rasu da addu'a ya zo, amma ba kowa ne ya tsaya a kan addu'ar ba. Ina cikin gida tare da mata, na jingina da bangon zaure, saboda haka abin da maza ke faɗa a waje yana shigowa kunnena ko ina so ko ba na so. Mutanen Karaye da ƙauyukan gefenmu sun zo. 'Yan albasa na Aliero sun zo saboda ƙanena, wanda yake tuƙa musu babbar mota. Mahautan Jega sun ciko mota guda saboda Baffa, ƙanen Baba, da ya tsufa a cikinsu. Kowa ya ce Allah ya jiƙan tsoho, mutum ne mai ƙanƙan da kai, ko yaro zai ba hannu sai ya rusuna. Sai wani ya rage murya ya ce, ai da ba don shekarar dorina ba. Ba ya ƙarasawa, don kowa a wurin ya san sauran.

Abu na biyu da aka yi ta juyawa a baki shi ne abin da ƙanena ya yi a hanyar maƙabarta. An san makara karɓa-karɓa ake yi, kowa ya sa kafaɗa ya samu ladansa ya matsa wa wani. Shi kuwa tun da ya kama gefen dama na gaba bai saki ba har bakin kabari. Dattawa sun taɓa shi, liman ya yi gyaran murya, ya ƙi. Wasu suka ce rowar lada ce. Wasu suka ce borin kunya ne, mutumin da ya yi shekaru bai kwana gidan ubansa ba yau shi ne mai son uba.

Da la'asar maƙwabciyarmu ta shigo, matar da dorinar ta kashe wa miji. Ta durƙusa gabana ta riƙe hannuna ta ce, "Ki yi hanƙuri. Ni dai na yahe mai, duniya da lahira." Matan da ke wurin suka yi ta sa mata albarka. Ni ma na yi godiya, kuma har cikin raina na yi ta, don na san Baba ya mutu yana son jin wannan kalmar. Amma na san abin da take nufi da yafewar. Kamar kowa, ita ma ta ɗauka tsoro ne ya hana shi harbi.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Na yi shekaru da magana a bakina wadda ya hana ni faɗa yana raye. Yanzu ba ya raye, kuma ba zan iya zama ina ji ana binne sunansa tare da shi ba.

Baba shi ne babban maharbin yankinmu, kamar yadda ubansa ya kasance. Bindigarsa ta gargajiya ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, wadda yara ke kira harba-ruga. Bai taɓa son sunan ba. Yakan ce wanda ya san zai ruga bai kamata ya harba ba. A jakarsa ta fata akwai aljihu biyu. Ɗaya na ƙananan ƙwayoyin ƙarfe ne da yake kira tsaba, na zabi da zomo da agwagwar ruwa. Ɗayan na curi ne, dalmar da yake narkarwa daga tsohon batirin mota, ya zuba a ramin yumɓu, ta fito dunƙule guda kamar ƙaramin curin fura. Na gwanki ne da mugun dawa da duk abin da ya fi mutum ƙarfi. Ranar narkar da dalma ba a tsakar gida yake yi ba, sai bayan gari, kuma ko kusa ba ya barin mu matso. Idan ya dawo yakan ɗora mini curi ɗaya a tafin hannu don kawai ya ga hannun ya yi ƙasa, ya yi dariya.

"Tsaba tana da sauri," yakan ce, "amma curi shi ka isa."

A kan wannan maganar suka yi rigimar da ta fi kowace daɗewa a gidanmu, shi da Baffa. Baffa ya bi mahauta tun yana yaro, ya zauna Sabon Garin Jega, kuma idan ya kalli dabba nama yake gani. Duk lokacin da Baba ya kawo abin da ya harbo, Baffa zai juya shi ya nuna ramin da curi ya yi, ya ce dubi yadda aka ɓata cinya guda, dubi fatar da ba wanda zai saya. Daga baya ya sayi bindiga mai baki ɗaya ta zamani, mai cin harsashin kanti da ke cike da tsaba, ya riƙa zuwa da ita yana yi wa Baba kuri. Ba ta dukan kafaɗa, ba a jiran ɗuri, kuma ko ba ka saita sosai ba wani abu zai samu. Yakan rufe da karin maganar nan cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Nan ne Baba ke ajiye cokalin fura. Yakan ce wanda ya ƙirƙiro wannan magana bai taɓa bin sawun jini ba. Shi ya bi. Ya ga gwankin da wani ya watsa wa tsaba yana jan ƙafa a daji har ƙuda suka gama da shi, kuma a wurinsa kuskure ya fi wannan sau dubu, don wanda ka kuskure ya tafi gida lafiya. Su yi ta yi har tuwo ya huce, Baffa ya tashi da fushi ya hau mashin, mako na zagayowa ya dawo da tsire a takarda a ci gaba daga inda aka tsaya.

Mutum ne mai taurin kai, kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka waliyyi nake ba da labari. Idan ya ce a'a, ko Sarkin Musulmi ka ɗauko sai dai ya gaishe shi ya sake cewa a'a. Amma ban taɓa ganin ya shigo da nama gida ba tare da ya tambayi gidan da aka haihu ba. Mai jego ita ke fara ci, mu 'ya'yansa mu tsaya muna haɗiyar yawu muna kallon ana fita da hanta.

Kafin ƙanena ya kai ƙarfi daji ya ƙare. Inda Baba ya harbi gwanki yana saurayi ya zama gonar albasa, inda mugun dawa ke wanka ya zama fadamar shinkafa da injin ban ruwa. Yaron ya tashi da tsaba kawai, bai taɓa tsayawa gaban abin da zai iya juyowa kansa ba. Shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan.

Babbar dabba ta ƙarshe da Baba ya harba wani tsohon mugun dawa ne da ya addabi masu rogo. Ya ƙara albarushi fiye da yadda ya saba saboda girmansa. Dabbar ta faɗi, amma gindin bindigar ya karya masa ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗar dama. Bai dawo gida ba. Ya aiko da nama, ya ce ya wuce farauta wajen Alelu, alhali wurin wani maɗori ya je ya kwanta. Ƙashin ya haɗe a karkace. Tun daga ranar hannunsa na dama bai ƙara wuce ƙirjinsa ba. A lokacin Inna ta riga ta rasu, ni kuma aurena ya mutu na dawo gida, don haka ni na ga kafaɗar. Kowace safiya bayan ya dawo masallaci nakan ɗumama man kaɗanya in shiga ɗakinsa in murza masa, ya ciji gefen rawani don kada a ji.

Rusunawar nan da masu ta'aziyya suka yi ta yabo, daga nan ta samo asali. Ba ya iya ɗaga hannu ya gaisa, sai ya saukar da jikinsa wurin hannun. Har a kabbarar salla iyakarsa ƙirji. Mutane suka ce tsoho ya ƙara tawali'u. Nakan tsokane shi in ce Baba, ka samu lada a bagas, ya ce in rufe masa baki kafin ya aurar da ni ga mahauci.

Ranar farko da na ga kafaɗar na tambaye shi me ya sa ba zai faɗa ba, ai karaya ba abin kunya ba ce. Sai ya tuna mini da abin da na sani na manta. A al'adar maharbanmu, ranar da mai bindiga ya buɗe baki gaban jama'a ya ce ya kasa, ranar ake ɗaukar bindigar a miƙa wa magajinsa, kuma duk aikin da ke gaba shi ne aikin magajin na farko. Maharbin wani gari ba ya shiga dajin wani ko ruwansa sai gidan gaba ɗaya ya gwada ya kasa. Ya ce bari yaron ya ƙara girma tukuna, ai babu sauran abin harbi a daji, wa zai nemi kafaɗarsa? Ya sa na yi alkawari. Na yi, don a lokacin abin bai yi kama da wani abu ba.

Sai ga shekarar da ruwa ya yi yawa. Da gulbi ya janye ya bar mana dorina a wani gurbi mai zurfi kusa da mashigin da mutane ke hayewa zuwa gonakin rani. Ba wanda ya san daga ina ta biyo ruwa ta zo. Kafin gari ya waye takan fito ta share shinkafar mutum guda, abin da ba ta ci ba ta tattake. Aka kai kuka wurin hakimi, aka ce an yarda a kashe ta, kuma duk idon gari ya juyo ƙofar gidanmu. Ƙanena a lokacin sabon ango ne, matarsa da ciki.

Baba ya narka curi mafi girma da na taɓa gani a hannunsa. Ya bayyana mini abin a fili, kamar mai karanta wa kansa hukunci. Fatar dorina ta fi ƙarfin tsaba, sai dai ta ji mata ciwo ta haukata ta. Curi kuma sai da albarushi mai yawa, sai an matsa kusa, sai an samu ɗan wurin nan tsakanin ido da kunne, kuma harbi ɗaya ne, don kafin ka sake ɗuri ta iso. Kafaɗarsa ba za ta riƙe bindigar daidai ba, balle ta ɗauki dukan. Muka fita bayan gari kamar masu neman itace, ya gwada da kafaɗar hagu a jikin wani suri. Idonsa na hagu ya fara yana, ba ya gani sosai. Curin ya wuce surin ya faɗa gonar wani. Ya daɗe a tsaye yana kallon wurin, sannan ya ce in ɗauki itacena mu tafi.

Gaba kura, baya siyaki. In ya harba da tsaba, ya haukata ta. In ya harba da curi, zai kuskure ko ya ji mata rauni, duk ɗaya ne. In ya ce ya kasa, a ranar za a miƙa wa ɗansa bindigar a raka shi bakin ruwa da kiɗa. Ya aika a ɓoye wurin maharban can ƙasan gulbi, suka ce suna girmama shi, ba za su shiga ruwansa ba alhali yana da ɗa namiji. Ya koma wurin hakimi ya roƙa a nemo ma'aikatan gwamnati masu babbar bindiga, aka ce an aika, a jira.

Sai ya zaɓi jira, ya biya da sunansa. Kullum da sassafe yakan saɓa bindiga a hagu ya tafi bakin gurbin ya zauna. Ya koyi lokacin fitarta da inda take bi, ya riƙa gaya wa masu kwalekwale yaushe za su haye, yaushe za su dakata. Idan ta matso gona ya harba albarushi zalla, ƙara da hayaƙi, ta koma. Duk tsawon zaman nan ba ta taɓa ko mutum ɗaya ba, amma shinkafa tana tafiya, kuma mutane ba su zo kallon hayaƙi ba. A kwanakin farko mata har da kwanuka suke binsa, don naman dorina na gari ne duka. Baffa ya zo daga Jega da wuƙaƙe a buhu. Da aka gaji da komawa da kwano wayam, sai aka fara magana. Yara suka yi masa waƙa, tsoho mai harbin iska. Ina jin su ta bayan katanga ina tuƙa tuwo, in ji kamar in fita da muciya.

Wata rana da yamma ƙanena ya tsaya a tsakar gida, idonsa jajir, ya ce, "Baba, in ba ka iyawa, ka ba ni."

"Wa yac ce maka ba ni iyawa?"

"To ka harbe ta. Ba mu iya hita kasuwa."

"Sai na ga dama," in ji Baba, ya ci gaba da alwala.

Ban taɓa jin ƙarya mai nauyin wannan ba. Ƙanena ya juyo ya kalle ni, yana neman in sa baki kamar yadda na saba. Na duƙar da kai na yi ta tura itace a murhun da ba ya bukatar itace.

Abin da Baba ya ji tsoro ya zo ta ƙofar da bai tsare ba. Wasu samari da aka cinye musu gona suka je wurin Baffa suka ari bindigarsa ta zamani. Ya ba su, har da karin maganarsa ta harbi a wutsiya. Ƙanena bai bi su ba, duk fushinsa bai kai ya tsallake ubansa ba. Suka laɓaɓa lokacin da Baba ya tafi sallar Juma'a, suka watsa mata tsaba a wuya da fuska. Ta nutse, suka dawo gari suna ihu sun gama da ita. Baba ya bi gida-gida yana roƙo kada kowa ya haye. Wasu suka ji. Mijin maƙwabciyarmu yana da irin albasa da zai bushe in bai dasa ba, ya ce ai tsoho dama tsoro ne ke damunsa. A tsakiyar ruwa ta taso ta ƙarƙashin kwalekwalen. Sai washegari aka samu gawarsa.

Da aka yi asarar rai, ma'aikatan da aka daɗe ana jira suka iso ba ɓata lokaci. Harsashi ɗaya suka sa mata, dogo mai nauyi, a daidai wurin da Baba ya nuna mini da yatsa a kan nasa kan. Baffa ne ya jagoranci fiɗa. Da yamma ya shigo gidanmu, jini har gwiwar hannu, ya durƙusa gaban yayansa ya buɗe tafinsa. Tsabarsa ce, ya tsinto ta a cikin fata, ko kitse ba ta kai ba. Ya zube ta a kan tabarma ya ce, "Kai ad da gaskiya, Yaya."

Baba ya kalli tsabar ya ce, "Ina amfanin gaskiyag ga yanzu?"

Daga ranar ba su sake rigimar curi da tsaba ba, kuma gidan ya yi shiru irin wanda ba daɗi. Baffa ya sayar da bindigarsa. Gari kuwa bai tsaya kan samarin ba, don yara ne, kuma an cuce su. Abin da aka riƙe shi ne da mai bindiga ya yi aikinsa tun farko da ba a kai nan ba. Ƙanena ya kwashe matarsa ya koma Aliero, ya fara da lodin buhunan albasa har ya zama direba. Bai yi wa Baba rashin kunya ba ko sau ɗaya. Yakan aiko da shinkafa, yakan zo da Salla ya gaisa a zaure ya juya kafin a kawo ruwa. Na fi son da zagi ya yi, da an san inda za a kama.

Baba bai taɓa tambayarsa da suna ba. Sai dai ya ce, "Uwata, yaron ga, an ce hanyar Kudu ta ɓaci?" Ranar kasuwar Aliero wani lokaci yakan shirya ya ce zai sayo igiya. Wata mata ta gaya mini ta gan shi a tsaye bayan rumfar mai shayi yana kallon ana loda wata mota, har ta tashi, sannan ya juya. Igiyoyin da ya tara suna nan a rataye a ɗakinsa, ba mu da dabbobin da za su ci rabinsu.

Duk kaka, damin gero na farko da aka ɗaure a gonarsa gidan maƙwabciyarmu yake zuwa kafin ko zangarniya ta shiga rumbunmu. A kan jaki yake kai shi, da yake ba ya iya saɓawa. Mutane suka ce yana wanke laifi ne, kuma a nan kam ba su yi ƙarya ba. Bai taɓa ɗaukar kansa mai hannu tsarkakakke ba. Wata safiya ina murza masa kafaɗa ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na ɓoye ɗana, mijin wata yat tahi."

Na roƙe shi ya sake ni daga alkawarin, ba sau ɗaya ba. Na ce dorina ta mutu, ba wanda za a tura bakin ruwa, me ya rage? Na gaji da ganin ɗa da uba suna gaisawa kamar baƙi a tasha. Ni ma kaina na gaji. Manema sun zo sun gaji sun tafi, don idan na bar gidan wa zai shiga ɗakin nan da man kaɗanya? Na faɗa masa haka da fushi wata rana. Sai ya ba ni haƙuri, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Amma bai sake ni ba. Ya ce in yaron ya san dominsa aka yi jiran, zai san dominsa mutumin nan ya mutu.

"Gara shi ɗauke ni matsoraci," ya ce, "da shi ɗauki gawa."

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ana gobe zai rasu ya kira ni ya ce in gaya wa Baffa, shi da liman kaɗai za su yi masa wanka, kada a bar yaron ya shiga. Har a kan makara yana so ya ci gaba da ɓoyo. Da ya cika da safe, na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni. Baffa ya saurara har na gama, ya share ido da bakin riga, ya ce shi da ya yi rayuwarsa yana saɓa kafaɗa daga jikin dabba, ina tsammani bai ga yadda yayansa ke ɗaukar cokali ba? Ya gani, amma sai bayan an yi ɓarna ya gane abin da yake gani. Ya ce tun suna yara bai taɓa bin maganar Yaya ba, ba yau zai fara ba. Na ce masa Baba yana da dalili. Ya ce ya san dalilin, amma ɗa ba ya binne ubansa yana raina shi. Da ƙanena ya iso daga Aliero, Baffa ya miƙa masa buta ya tura shi ɗakin.

Ina tsaye a bakin madafa. Sun daɗe fiye da yadda wanka ke ɗauka. Da ya fito hannun rigarsa a jiƙe, bai nufi zaure wurin maza ba, wurina ya zo.

"Yaya, kahwaɗag ga. Tun yaushe?"

"Tun kahin dorina."

Ya tsaya yana kallon ƙasa. Ɗan maharbi ne, ya san al'adar kamar yadda na san ta, ba sai an yi masa bayani ba.

"Da ya hwaɗi, ni za a ba."

"Kai za a ba."

Ya juya kansa wajen katangar da ta raba mu da gidan maƙwabciyarmu, ya daɗe yana kallonta. Na ga abin da Baba ya yi shekaru yana tarewa ya sauka a kansa gaba ɗaya, kuma ban san ko in gode wa Baffa ko in tsine masa ba. Daga nan aka ce a fito da gawa, ya je ya kama gefen dama na gaba.

Bayan an watse da yamma ya shigo ɗakin Baba ya zauna a bakin gado. Itacen makara ya saɓule masa fata, rigar ta manne da wurin. Akwai sauran man kaɗanya a kwanon da na saba, wanda na ɗumama shekaranjiya ban ƙarar ba. Na mayar da shi kan wuta na dawo na ce ya cire rigar. Ina murzawa ya miƙa hannu ya sauko da jakar fatar daga ƙusa, ya laluba aljihu na biyu ya fito da curin dorinar, ya yi baƙi don daɗewa. Ya riƙe shi a tafinsa. Can ya tambaye ni, geron da Baba ke kai wa gidan can, yaushe ake kaiwa?

Na ce dami na farko, kafin a sa komai a rumbu.

Ya ce to, ya sa curin a aljihunsa.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da karyayyar kafaɗa da abin da ya ɗauka a kanta. Ka yafe masa jiran da ya yi, ka jiƙan wanda ya tafi a cikin jiran. Ka yalwata masa kabarinsa, ya sha matsi a duniya.